Yayar Marwa a Dajin Redwood

Asabar, 26 ga Yuli, 4:10 na yamma

Sun tafi. Yaya Kulu ta zo da kanta tun daga Birmingham da wannan zungureriyar motar tata, ta tare ƙofar maƙwabta kamar ita ta sayi unguwar Whalley Range. Gobe za su tashi zuwa California, ita da mijinta Abdussalam da yayar Marwa. Sati uku, yawon ƙafa a daji. Mutanen da ko Kaduna za su je sai sun yi ta addu'a saboda tsoron daji, yau su ne suka biya kuɗin jirgi don su je su shiga na wasu.

Kwana biyu na yi ina dambun nama. Yaya ta buɗe jakar yarinyar a tsakar falo, ta zaro robar ta miƙo min tana dariya. "Rakiya, ba a shiga Amurka da nama. Ai sai su tsare mu a airport." Na ce ba komai. Ga shi nan a kan firji.

Yarinyar ta rungumi babanta, ta ɗaga Marwa sama, sannan ta zo ta tsaya a gabana. Na ce Allah ya kiyaye hanya, a riƙa sallah a kan lokaci. Ta ce, "OK, Umma." Ta ɗan ƙara tsayawa. Na gyara mata igiyar jaka.

Ita ce ta fari a wurina, shekararta goma sha shida, kuma ko a wannan littafin da ba mai karantawa hannuna ba ya iya rubuta sunanta. Haka aka tashe mu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane. Ban ƙirƙiro ba, na tarar ne.

Maganar cikin mota ba wanda ya sake tayar da ita.

Litinin, 28 ga Yuli, 6:40 na safe

Sun sauka lafiya. Yaya ce ta sanar, ba ita ba.

Laraba, 30 ga Yuli, 1:15 na rana, hutun aiki

Yaya ta buɗe group, ta sa masa suna "Redwood Family", ta jefa mu ciki ni da Baban Marwa. Mu 'yan kallo ne a family ɗin. Idan na farka da safe sai in tarar da hotuna sun taru, don lokacin da muke barci su ke yawo.

Bishiyoyin dai, gaskiya, ban taɓa ganin irinsu ba. Jajaye, a miƙe, ba a ganin ƙarshensu. A wani hoton su uku sun riƙe hannu sun jingina da guda ɗaya, ko rubu'inta ba su zagaye ba. Rimin ƙofar gidanmu na Kano da muke taƙama da shi, a can ƙila sai dai a yi asuwaki da shi. Na daɗe ina kallon hoton, amma ba bishiyar nake kallo ba. Yarinyar ce a tsakiya, hannu ɗaya a na Yaya, ɗaya a na Abdussalam. Duk wanda ya gani zai ce uba da uwa da 'yarsu.

Bari in rubuta abin da ke ƙasa, ko na samu ya sauka daga ƙirjina. Sakamakon GCSE, jarrabawar gama sakandare, zai fito ranar ashirin da ɗaya ga Agusta. Ta samu gurbi a college biyu. Ɗaya a nan, bas ɗaya daga gida. Ɗaya a Birmingham, tafiyar ƙafa daga gidan Yaya. Ta biyun ban san da ita ba sai watan jiya. Ranar da sakamako ya fito za ta zaɓa, kuma babanta ya ce shi ba zai tilasta mata ba.

Yaya ba ta taɓa haihuwa ba, Allah bai kawo ba. Ranar suna a Kano ta ɗauki jaririyar ta ce, "Wannan tawa ce," kowa ya yi guɗa, ni ma na sunkuyar da kai ina murmushi kamar yadda ya kamata. Na zaci irin maganar ranar suna ce da ake bari a wurin tare da ƙasusuwan rago.

Juma'a, 1 ga Agusta, 7:05 na safe

Bidiyo. Hazo ya cika dajin, yarinyar ta yi gaba a wata siririyar hanya, Yaya na bayanta da waya. Sai kawai Yaya ta buɗe baki ta ƙwala mata kira. Da sunanta, gaba ɗayansa, har tana jan ƙarshen. Yarinyar ta juyo tana dariya ta ce, "Mami, hurry up!"

Mami.

Na kalla har shayina ya huce. Yadda sunan ke fita daga bakin Yaya kamar tana cewa miƙo min gishiri.

Asabar, 2 ga Agusta, 5:30 na yamma

Ni ina ruwana.

Lahadi, 3 ga Agusta, 11:00 na safe

Sun samu wata bishiya da wuta ta taɓa cinye cikinta, ta zama ɗaki, kuma tana nan da ranta. A ciki suka yi sallah. Wani Bature ne ya ɗauke su ba su sani ba, ya tura musu daga baya. Abdussalam a gaba, Yaya da yarinyar a baya kafaɗa da kafaɗa a kan rigunan ruwansu.

A gidan nan sai na yi magana uku kafin ta tashi ta yi alwala. A can har jam'i.

Baban Marwa ya leƙo ta kafaɗata ya ce masha Allah. Na ce ai ko alƙiblar ban yarda sun daidaita ba. Ya dube ni ya ce, "Yanzu kuma da bishiya kike kishi?" Na ce kishin me, Allah na tuba. Ya ɗauki makullinsa ya tafi Old Trafford wajen abokansa yana dariya. Shi ai da sauƙi. Tun shekarar da muka zo ƙasar nan ya ajiye kunyar ɗan fari tare da babbar rigarsa, yana kiran sunanta safe da yamma.

E, kishi nake yi. Na rubuta. Da yayata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye ni.

Talata, 5 ga Agusta, 1:20 na rana

Aikina a pharmacy na asibiti kiran sunaye ne. In tsaya a taga in kira, mai magani ya taso. Na Poland, na Somaliya, na Ireland masu haruffan da ba a karantawa, duk harshena ya saba. Yau na ɗauko leda na duba takardar, sai ga sunanta. Wata ce daban, 'yar Pakistan, tana zaune da jariri. Na miƙa wa Angelina na ce ta kira, zan duba wani abu a baya.

Angelina 'yar Kafanchan ce, mun shekara bakwai muna aiki tare, ba abin da ke wuce ta. Da muka zauna cin abinci ta ce, "Maman Marwa, wai har yanzu? Ko na wata ma?"

Na ce ba za ki gane ba.

"Ni ce ba zan gane ba? Kakata har ta mutu ba ta kira babana ba. Amma shi a ƙauye ya tashi, kowa haka ake masa. Taki a Manchester take, tana jin iyayen friends ɗinta suna ta darling, sweetheart. Me kike so ta ɗauka?"

Na ce so ba a baki yake ba. Wa ya kwana a sashen gaggawa na asibiti da ita lokacin asma? Wa yake tashi ya goge uniform?

Ta ce, "To ki faɗa wa uniform ɗin."

Na tattara kwanona na koma bakin aiki. A bas ɗin Oxford Road na zauna a sama, na wuce inda zan sauka.

Alhamis, 7 ga Agusta, 6:50 na safe

Shiru. Sun ce za su shiga inda babu network.

Juma'a, 8 ga Agusta, 6:45 na safe

Shiru. Na karanta cewa akwai beyar a dajin, da wata irin damisa. Yaya likita ce, GP guda, amma ban ga yadda za ta yi wa damisa bayani ba.

Na shiga ɗakin yarinyar don in buɗe taga. Ƙamshin man gashinta na nan. Ban taɓa komai ba, sai dai na lura babbar akwatin nan ta saman wardrobe an sauko da ita, tana ƙarƙashin gado. Ba ita ta tafi da ita ba. Na janyo. Ba ta da nauyi sosai, amma ba wayam take ba. Na mayar ban buɗe ba.

Asabar, 9 ga Agusta, 7:30 na yamma

Na yi abin kunya yau. Wani abokin aiki ya ce min ai akwai irin bishiyar a ƙasar nan, Turawan zamanin da ne suka kawo suka shuka. Na sa Marwa a mota muka tafi wani lambu a Cheshire. Muka biya kuɗin shiga, muka yi ta zagaye a cikin yayyafi ni da takalmin zuwa aiki, har muka same ta. Doguwa ce, ba laifi. Ɓawonta taushi, kamar soson wanka. Na sa Marwa ta rungume ta na ɗauki hoto, na tura group na rubuta, "Mu ma muna da tamu."

Marwa shekararta tara, bakinta ya fi haka. Ta kalli bishiyar ta ce, "It's a baby one, Umma." A hanyar dawowa na ce Marwa sa belt, Marwa sauke ƙafarki, Marwa bar taɓa rediyo. Can sai ta ce da Turancinta na 'yan Manchester wai yayarta ta taɓa ƙirgawa, a rana ɗaya na kira sunan Marwa ya fi sau talatin.

Na ce ita kuma aikin da ta samu ke nan?

Ta ce, "She cried after."

Na goge hoton kafin su samu network.

Litinin, 11 ga Agusta, 6:30 na safe

Sun fito, lafiya lau, alhamdulillahi. Hotuna kamar ruwan sama. Wani abu rawaya mai santsi kamar dodon koɗi marar gida, an ɗora shi a ganye ana ta ihu. Yarinyar ta yi baƙi ta rame, ƙafarta ta yi bororo, Yaya ta durƙusa a ƙasa tana manna mata filasta. Ta riƙe ƙafar a cinyarta. Ni na san ƙafar nan tun tana tsawon ɗan yatsana.

Sai wani bidiyo, ita ke bayani kamar malama. Tana tsaye a tsakiyar wasu bishiyoyi da suka yi da'ira. Ta ce a nan tsakiya da akwai babbar bishiya, ita ce uwar, ta faɗi tuntuni, waɗannan duka daga saiwarta suka fito suka zagaye gurbinta. Yaya ta ce daga bayan waya, "Allah sarki." A nan bidiyon ya ƙare.

Ban san me ya sa ya ɓata min rai ba. Uwar dai sai da ta mutu aka zagaye ta.

Laraba, 13 ga Agusta, 5:45 na yamma

An yi video call, safiyarsu ce. Ta yi hira da babanta, ta yi da Marwa, aka miƙo min. Na ce, "Ke, kina cin abinci kuwa?" Ta ce e. Na ce ƙafar fa? Ta ce da sauƙi, Mami ta gyara. Muka tsaya muna kallon juna a waya. Ta ce, "Umma, you'd like it here. It's so quiet." Na ce ai nan ma shirun ne. Yaya ta leƙo da kanta ta ce mota na jira.

Ta ce zan so wurin. Ta yi tunanina ke nan a can. Na riƙe wannan tun ɗazu ina juya shi.

Bari in rubuta maganar cikin mota, na gaji da zagaye ta.

Ranar bikin gama makarantarsu ne. Aka kira ta ta karɓi kyautar kimiyya. Yaya ta zo daga Birmingham, ta miƙe tsaye tana tafi tana kiran sunanta har Turawa suna waigowa. Ni na zauna na dubi ƙasa, zuciyata kamar ta fashe don daɗi. Da aka tashi malamarta ta nufo mu, ta wuce ni, ta kama hannun Yaya ta ce lallai kina alfahari da 'yarki. Yaya ba ta gyara mata ba. Ni ma ban gyara ba, ina zan iya.

A mota, muna tsaye a danja, yarinyar ta ce daga baya, a hankali, ba da tsiwa ba, "You've never said my name. Not once. Do you even like it?"

Na ce kada ta sake yi min magana haka. Babanta ya kunna rediyo.

Ni na zaɓi sunan. Babanta wani yake so, na aika masa ta bakin Yaya cewa wannan nake so, don ni ba zan iya faɗa ba. Ko wannan ba ta sani ba.

Asabar, 16 ga Agusta, 2:00 na rana

Suna jirgi. Na yi miyar kuka, na yi sabon dambu. Na canza mata zanen gado. Akwatin na nan inda take.

Lahadi, 17 ga Agusta, 8:15 na yamma

Mun je Birmingham mun ɗauko ta. Zan rubuta abin da ya faru.

Ta ƙara tsawo, ko idona ne. Ta kawo wa babanta hula, Marwa 'yar beyar, ni kuma cokalin miya na jan katako. Na ce an gode. Yana da kyau ƙwarai.

Na hau sama zan yi alwala, sai na ga ƙofar ƙaramin ɗakin nan da Yaya ke tara kaya. An yi sabon fenti. Tebur, fitilar karatu, labule kore, launin da take so. A jikin ƙofar an rataye wani allo na jan katakon can, an sassaƙa sunanta a jiki. Ko kwana ba su yi da dawowa ba har an buga ƙusa.

Na sauko na samu Yaya ita kaɗai a kicin tana juya shinkafa. Na rufe ƙofa. Ban taɓa ɗaga mata murya ba tun da nake, yau na yi. Na ce Yaya, sakamako bai fito ba kin riga kin buga suna a ƙofa. Na ce kin kai ta ƙarshen duniya kin nuna mata bishiya don ki saye ta. Na ce wani abu kuma a kan haihuwa, wanda ba zan rubuta ba. Allah ya yafe min.

Ba ta ajiye ludayin ba. Ta rage wuta ta ce, "Kin gama?"

Na ce na gama.

Ta ce, "Rakiya, ni wace ce a wurin Inna?"

Sai na tuna. Ita ce ta fari.

"Ina gidan Kaka ina jiyo ta ta katanga, Rakiya zo ki ci, Rakiya ina takalminki. Na ce in na zama likita za ta kira. Da ta kwanta ciwon ƙarshe na bar aiki na tafi Kano, ni ke juya ta, ni ke sa mata drip. Ta kira ki, kina Manchester. Ta kira sauran ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Ni ina riƙe da hannunta. Ta ce, ke, ba ni ruwa." Ta ɗaga murfin tukunya ta mayar. "Na san tana so na. Kowa ya faɗa min, har ke. Shekarata hamsin da biyu, har yau jira nake."

Na ce ai al'ada ce, Yaya.

"Na sani. Ni aka yi wa."

Sannan ta ce ba ita ta nemo college ɗin ba, yarinyar ce ta kira ta tana kuka ta roƙa. "Ba zan yi miki ƙarya ba, ina son ta zo. Gidan nan ya yi min girma. In ta zo zan riƙe ta da hannu biyu, kuma ba zan ba ki haƙuri ba. Amma a dajin nan, duk abin da ta gani sai ta ce bari in ɗauka wa Umma. Ni ce a gefenta, ke take nuna wa. Kina ganin ke kaɗai ce mai kishi?"

Abdussalam ya ƙwanƙwasa ya ce ko shinkafar ta ƙone ne. Muka ci abinci kamar mutanen kirki. A babbar hanyar M6 yarinyar ta yi barci, kanta a jikin taga. Na yi ta kallonta ta madubi har garin Stoke.

Talata, 19 ga Agusta, 6:20 na safe

Na gwada kiran sunan a banɗaki, na kunna famfo. Harafin farko ya fito, sauran ya maƙale. Sai na ji kamar Inna na tsaye a bayana.

Laraba, 20 ga Agusta, 4:40 na yamma

Ta ci dambun, ta ƙara. Akwatin ta fito daga ƙarƙashin gado, yanzu a fili take cika ta. Na wuce ta ƙofar sau da yawa da kayan wanki. Na ce, "Ke, kin ɗauki inhaler?" Ta ce e, Umma. Ta tsaya da riga a hannu tana dubana. Na ce to.

Alhamis, 21 ga Agusta, 6:00 na yamma

Ta ci. Ta ci jarrabawar sosai, duka college biyun za su karɓe ta. Babanta ne ya kai ta makaranta da safe, suka dawo da ambulan, ta miƙo min, na duba na ce alhamdulillahi, na shiga kicin na yi kukana a gaban tukunya.

Ta zaɓi Birmingham. Ta faɗa a tsaye a bakin ƙofar kicin, tana kallon cokalin jan katakon da ke hannuna. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Yaya ta iso da azahar, don rajista yau ce. Mun gaisa. Ba ta tare ƙofar maƙwabta ba wannan karon, can gaba ta tsaya, wajen bishiyar kwana. Baban Marwa ya ja akwatin. Yarinyar ta rungume shi, ta rungumi Marwa, ta zo gabana. Na gyara mata igiyar jaka. Na ce a riƙa sallah a kan lokaci. Ta ce, "OK, Umma," ta juya.

Ina tsaye a kan matakala ba takalmi. Ina ganin bayanta, jakar nan ta daji har yanzu da jar ƙasa a gindinta. Yaya na gefen mota ta buɗe but. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na buɗe baki kawai.

"Shifa!"

Ya fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har matar da ke wucewa da kare ta waigo.

Yarinyar kuwa ta amsa. Ta ce, "Yes, Mami?" Wajen Yaya ta duba. Muryarmu ɗaya ni da Yaya, tun muna yara ake faɗa, kuma ba ta da dalilin da za ta zaci daga baya kiran ya zo.

Yaya ta girgiza kai. Ta sa hannu ta toshe bakinta, ta nuna ni da ɗayan.

Yarinyar ta juyo a hankali. Ban san me fuskata ke yi ba. Na sake faɗa, wannan karon ƙasa-ƙasa, na ce ni na zaɓa miki shi. Ta saki jakar a tsakiyar titi.

Ba zan rubuta sauran ba. Marwa ta ce mun ba ta kunya a gaban duk layin. Yaya ta shiga mota ta rufe ƙofa ta daɗe ba ta fito ba, da na je na ƙwanƙwasa gilashi na ce, "Yaya Kulu," sai ta ce in bar ta tukuna.

Sun tafi wajen ƙarfe uku. Rajista ba ta jira.

Asabar, 23 ga Agusta, 9:10 na safe

Shifa ta kira. Shifa ta ce ɗakin ya yi, amma katifar ta cika taushi. Shifa ta ce Mami ta yi mata waina, na ce wainar Yaya ai kullum tsami take yi, ta yi dariya ta ce za ta faɗa mata. Ta faɗa mana. Har yanzu ina jin abin nan a ƙirjina idan ta ce Mami, ban ga alamar zai tafi ba.

Za ta zo ranar Juma'a a jirgin ƙasa na yamma. Na ce zan zo tashar Piccadilly in tarbe ta. Ta ce wurin da cunkoso, ba lallai ta hango ni ba, kada in tsaya ina ɗaga hannu kamar yadda na saba.

Na ce to me zan yi?

Ta ce, "Just call me, Umma. Zan juyo."